Cikin gari ko bayan gari: ina magidanci zai kai iyalinsa a Sakkwato?

Bayan sallar isha'i ƙanena ya same ni a ƙofar gida, muka shimfiɗa tabarma. Bai daɗe da zama ba ya ce, "Yaya, ɗiya sun kai huɗu, ɗaki biyu ba su isammu. Na samu wuri biyu, guda nan bayan gidan Inna, guda can wajen Kwannawa. Mi kag gani?" Ban ba shi amsa a daren ba, domin tambayar ta fi ƙarfin hirar tabarma ɗaya. Ni cikin gari aka haife ni, a nan na yi aure, na yi shekara tara ina haya kusa da gidanmu na gado, sannan na kwashe iyalina na koma bayan gari, yau shekara shida ke nan. Na ɗanɗana zaman biyun, kuma na san magidanta da yawa a Sakkwato suna tsaye a inda ƙanena yake tsaye.

In na ce cikin gari, ina nufin tsoffin unguwannin da ke kewaye da fadar Sarkin Musulmi da Hubbaren Shehu da masallatan Shehu da Bello, waɗanda ake kira da sunayen ƙofofin nan takwas: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Aliyu Joɗi, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye da Ƙofar Kaɗe. Tun 1809 da Muhammadu Bello ya kafa garin mutane ke zaune a nan, gida na manne da gida, zuriya na gadon zuriya. Bayan gari kuwa su ne sababbin shiyyoyin da ke ta miƙewa ta wajen Kwannawa a hanyar Gusau, ta Arkilla da Kalambaina, ta Bado, ta wajen More da hanyar jami'a. A tsakani akwai irin su Mabera da Tudun Wada da Runjin Sambo da Gawon Nama, waɗanda iyayenmu suka sani a matsayin bakin gari, yau kuma sun zama gari sosai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa bayan garin yau ba zai dawwama a bayan gari ba. Amma mai ɗiya huɗu ba shekara ashirin masu zuwa yake tambaya ba, gobe da safe yake tambaya.

Kuskuren da na ga mazaje suna yi, ni ma na yi shi, shi ne a je ganin gida da idon namiji. Namiji zai duba katanga, ya duba inda zai ajiye babur ko mota, ya ƙirga ɗakuna, ya ce ya yi. Alhali shi da safe zai fita, sai dare. Wadda za ta yini a gidan ita ce matarsa, da yaran da ba su isa makaranta ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, da yininta nake auna shi.

Ruwa shi ne farko, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da zai yanke hukunci, shi zan zaɓa. A cikin gari famfo ba kullum yake kawowa ba, wannan kowa ya sani, wani layin ma bututun ya tsufa. Sai dai 'yan ga-ruwa ba sa yankewa. Ka leƙa ƙofar gida ka ɗaga murya, kafin ka koma ciki ga mai kura ya tsaya da jarkokinsa. Akwai tsoffin rijiyoyi a wasu gidaje, akwai maƙwabcin da ya haƙa burtsatse ya fito da famfo waje don sadaka. Ko ya aka yi, tukunya ba ta kwana a bushe. A bayan gari lissafin daban ne. Unguwanni da dama bututun gwamnati bai kai ba, rayuwa ta dogara ga burtsatse, burtsatse kuma ya dogara ga wutar lantarki ko janareta ko sola. In gidan da za ka kama yana da nasa, da tanki a sama, da sola mai tura ruwan, to ka fi na cikin gari hutawa nesa ba kusa ba. In babu, ka shiga wahalar da ba ka taɓa sani ba, domin ɗan ga-ruwa yana ƙara kuɗi gwargwadon nisan da ya turo kura cikin yashi, ranar da ya ga dama kuma ba ya zuwa. Shekararmu ta farko a sabon gida, a tsakiyar bazara, na sha dawowa aiki in tarar da wanki a tare, maiɗakina ta ajiye jarka ɗaya ta girki tana tattalinta. Ba ta yi mini ƙorafi ba, amma ni na ga abin a fuskarta, kuma har yau ina jin nauyinsa.

Kada ka tambayi dillali labarin ruwa. La'adarsa yake nema, duk gidan da ya nuna maka "ruwa ba matsala" ne. Ka je unguwar da kanka da hantsi, ka duba ko yara na yawo da bokitai da jarkoki, ka tsaya wurin mai shago ka tambaye shi nawa ake sayar da kura ɗaya a watan Afrilu. Amsar watan Agusta ba ta da amfani.

Daga ruwa sai zafi, don mu a Sakkwato ba a raba su. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, kuma gida ne ke nuna ko za a yi barci ko ba za a yi ba. Tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango yana riƙe sanyi da rana fiye da yadda matasa ke zato, ga inuwar dogon yaro da kakanni suka dasa a ƙofar gida. Illarsa cunkoso: iska ba ta ratsa lungu, tsakar gida ƙarama ce, in mutane sun yi yawa ba inda za a baza tabarma da dare. Sabon ginin bulo da kwano kuwa, musamman wanda mai shi ya yi don haya ya rage tsawon bango ya sa silin mara kauri, da azahar tanda ne. Kuma sabuwar unguwa ba itace, ko ɗaya. Amma da rana ta faɗi sai lamarin ya juya: fili a buɗe, iska na kaɗawa, a yayyafa ruwa a tsakar gida a ɗaura gidan sauro, yara su yi barci har asuba. Da hunturu kuma na bayan gari ne ke shan ƙura da sanyi, don ba abin da ke tare masa iska. A nan ban ba kowa nasara ba. Ka dai shiga ɗakin da ƙarfe biyu na rana ka rufe ƙofa ka tsaya minti biyar, jikinka zai gaya maka gaskiya.

Damina gajera ce a wurinmu, amma tana tona asirin unguwa. A cikin gari kwata ke cika ta malalo cikin lungu, sauro ya yi yawa, tsohon bango ya jiƙe. A bayan gari hanya ce ke yankewa, domin yawancin layuka ba kwalta, wani wurin ko magudanar ruwa ba a yi ba. Mutanen Mabera sun daɗe suna ba da labarin abin da ruwan sama ke yi wa unguwar da aka gina kafin a yi mata hanyar ruwa. Wanda kuma yake duban fili ko gida ta ɓangaren fadamar Rima, ya tuna ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gidan da ya yi araha fiye da na kusa da shi, ka duba gindin katangarsa, sau da yawa za ka ga layin da ruwa ya bari.

Yanzu kuɗi. Abin da ke jan mutane bayan gari shi ne, da kuɗin da za ka kama ɗaki biyu da bayi na tarayya a wuri mai cunkoso, can za ka iya samun gida sukutum da katangarsa da ƙofarsa. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Sai dai kuɗin haya sau ɗaya ake biyansa a shekara, shi ya sa ake ganinsa. Kuɗin zirga-zirga kullum ake biyansa, kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba a ganinsa sai ya cinye albashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin da na yi lokacin da na tashi ya rushe gaba ɗaya. Ka ɗauki takarda ka rubuta fita nawa gidanka ke yi a rana: kai zuwa aiki ko kasuwa ka dawo, yara zuwa boko a ɗauko su, zuwa islamiyya da yamma, cefane, sannan fitar maiɗakinka ta suna da dubiya da ta'aziyya, waɗanda ba sa ƙarewa kuma ba a ƙin zuwa. A cikin gari rabin wannan da ƙafa ake yi, sauran kuma kabu-kabu, wato babur na haya, ko agwagwa da buje, wato keke mai ƙafa uku, na bakin titi. A bayan gari kowanne kuɗi ne, wani lokacin ma sai an taka zuwa babban titi kafin a samu abin hawa. In ka ninka na rana ɗaya zuwa shekara ka ɗora a kan kuɗin haya, sau da yawa arahar nan ta tafi. Wanda wurin aikinsa yake wannan ɓangaren, misali ma'aikacin kamfanin siminti na Kalambaina da zai zauna Arkilla, shi lissafinsa ya fita. Wanda rumfarsa ke babbar kasuwa kuma ba shi da abin hawa, ya sake tunani.

Akwai kuma fitar da ba a shirya mata. Manyan asibitocin garin, asibitin koyarwa na jami'a da asibitin ƙwararru da asibitin mata da yara na Maryam Abacha, duk sun fi kusa da mazauna tsakiyar gari. Wani dare zazzaɓi ya rufe autarmu har ta fara sanƙarewa, babur ɗina kuma yana wurin gyara. Na fita layi, duhu, ba kabu-kabu ko ɗaya, gidajen da ke kusa da mu rabinsu kango ne. Sai da na buga ƙofar wani maƙwabci da ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba, Allah ya saka masa da alheri, ya fito da motarsa. A tsohuwar unguwarmu da kafin in sa takalmi mutum biyar sun fito. Mai mata mai ciki, ko mai tsoho mara lafiya a gida, ya sa wannan a ma'auni da kyau.

Amma duk waɗannan ana iya gyara su da kuɗi. Abin da kuɗi ba ya saya shi ne mutane, kuma a nan ne zaɓin yake da wuya ƙwarai.

Mace a cikin gari ba ta zama ita kaɗai. In za ta fita, ta miƙa yaro gidan Inna ko wurin gwaggo. In ta haihu, kafin a dawo daga asibiti an hura wutar ruwan wanka, tsofaffi sun karɓi jego. In tana sana'ar cikin gida, fura ko ƙuli-ƙuli ko ɗinki ko kitso, masu saye suna nan jikin bango, yara na shigowa da kuɗi a hannu tun safe. Adashinta na nan, makarantar matan aure na nan. Wannan dukiya ce, kuma namiji ba ya ganinta sai ya raba matarsa da ita. Maiɗakina tana sayar da kayan miya da man gyaɗa a tsohon gida, ba ta taɓa tambayata kuɗin sabulu ko na anko ba. Da muka tashi, cinikin ya mutu cikin wata biyu, don gidajen sabuwar unguwa kowa ƙofarsa a rufe take, kowa kuma daga kasuwa yake sayo nasa a mota.

Ɗaya gefen kuma ba a ɓoye shi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Zama kusa da dangi yana nufin abin da aka dafa a gidanka an sani, abin da ka sayo an gani, faɗan yara ya zama faɗan iyaye, maganar da aka yi a ɗaki ta riga ka isa zaure. Akwai auren da ba abin da ke cinsa sai yawan baki, kuma na ga gidajen da suka zauna lafiya daga ranar da suka yi nisa. Mu ma mun samu wannan. Ni da ita mun fi fahimtar juna a shekara shidan nan fiye da taran da suka gabata, don in mun saɓa mu biyu ne, mu biyu kuma za mu shirya. Ita da kanta ta ce mini wata rana, "Malam, nan na samu kwanciyar hankali, can na baro mutane." Ban taɓa jin wanda ya taƙaita lamarin kamar haka ba.

Yara ma haka. A cikin gari kowane babba ubansu ne, in yaro ya yi ba daidai ba a lungu za a tsawata masa kafin labari ya iso gare ka. Makarantar allo na kusa, yana tashi ya san 'yan'uwansa, ya san gaisuwa, ya san wane ne wane. Amma lungun da ke tarbiyya shi ne kuma ke ɓatawa, domin ba ka da iko a kan wanda ɗanka zai zauna da shi, kuma duk mun san abin da shaye-shaye ke yi wa samari a wasu majalisu. A bayan gari ka san inda ɗanka yake kowane lokaci, yana da wurin karatu da wurin wasa. Farashinsa shi ne sai ka tashi tsaye ka kai shi cikin dangi, in ba haka ba zai girma yana ganin 'ya'yan baffansa kamar baƙi. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuma yanzu mai take sha. Ranar da na je sallamar Inna, cewa ta yi, "Ku tahi, Allah shi yi albarka, amma kar ku bari in manta kamannun jikokina." Na ɗauki alkawarin kowace Juma'a. Ina cikawa, amma na san abin da yake ci, kuma na san waɗanda suka ɗauki irinsa ya koma daga salla sai salla.

Tun da an zo maganar salla, akwai abin da ba a cika tunawa ba sai lokacin hutu ya zo. Yawancinmu muna da inda muke zuwa: garin su maiɗaki, ko ƙauyen kakanni, ko biki a Birnin Kabi ko Gusau, waɗanda duk jiha ɗaya muke da su kafin a cire Kabi a 1991 da Zamfara a 1996, dangi kuma ba su rabu ba. Wanda ke bakin gari ta ɓangaren hanyarsa ya huta: mai zuwa Dange da Shuni da Tureta in yana Kwannawa, yana tayar da mota ya hau hanya, mai zuwa Boɗinga da Shagari da Tambuwal ya nemi kudancin gari, mai zuwa Kware da Gwadabawa da Illela ya nemi arewa. A halin da hanyoyi suke ciki yanzu, da kowa ke son ya fita da sassafe ya isa da rana tsaka, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Ga wurin loda kaya a cikin gida, ba sai an yi ta jido jakunkuna daga lungu zuwa titi ba. Matsalar ita ce gidan da za ka bari. A cikin gari ka ja ƙofa ka ce wa maƙwabci "mun tafi sai jibi", shi ke nan. A bayan gari, gidan da ya kwana uku ba fitila ba motsi, kowa ya san ba kowa, kuma ɓarayin batir da sola da injin ruwa sun san lokacin hutu. Dole ka nemi ƙane ko ɗalibi ya kwana, ka kuma kasance cikin masu biyan kuɗin 'yan sintiri. Ranar idi kuwa na cikin gari ne ke morewa: yara su bi jama'a zuwa Fakon Idi, su yi yawon salla gida-gida da ƙafa. Mu sai mun yi shiri kamar masu tafiya wani gari.

Ga wanda zuciyarsa ta karkata bayan gari, shawarata kada ya fara da sayen fili. Ya kama haya shekara ɗaya a unguwar, ya ga bazararta da daminarta da hunturunta. In ya gamsu ya saya, kuma ya bi takardu da kyau, domin tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna ne, takardar cinikin da aka rubuta gaban shaidu ba ita ce takardar mallaka ba, kuma fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ba sabon labari ba ne. Ita kanta ƙaurar, a yi ta lokacin hutun makaranta, hutun Disamba ya fi, ba ruwa ba zafi. A guji damina, a guji tsakiyar azumi. A-kori-kura ba ta shiga yawancin lungunan cikin gari, sai an fito da kaya a baro zuwa bakin titi, saboda haka a nemi samarin gida tun da wuri, a bar mata su ɗaure kayan ɗakinsu da kansu. A bi maƙwabta a yi sallama a nemi gafara. A can kuma, tun ranar farko a je masallacin unguwa a gabatar da kai ga liman da mai unguwa, a aika wa gidajen kusa da abin sadaka. Da na yi haka da wuri, daren zazzaɓin nan ba baƙo zan buga wa ƙofa ba.

Bayan kwana biyu na kira ƙanena. Na ce masa ni a ganina bayan gari na wanda ya haɗa abu uku ne: abin hawa nasa na kansa, ruwa a cikin gidan, da matar da ta yarda da bakinta bayan ta je ta gani. In ɗaya ya ɓace, ya dakata. Shi babur gare shi, gidan Kwannawa kuma akwai burtsatse amma ba sola, matarsa tana da ciki wata shida, ga ɗinkin da take yi duk masu kawo mata 'yan unguwa ne. Inna kuma ƙafa ta fara ba ta wahala, ni na yi nisa, yayarmu tana aure a Wurno. Na ce ya kama na bayan gidan Inna na shekara biyu, ya sa ƙofa tsakaninsa da gidan gado don a san an raba tukunya, abin da zai kashe a mai ya riƙa tarawa. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai faɗin tsakar gidan can ne ya tsaya masa a rai, yana son ɗiyansa su samu wurin gudu. Na ce na sani, ni ma shi ya ja ni. Mun tsayar da ranar Asabar za mu je mu uku da matarsa, da ƙarfe biyu na rana, ta shiga ɗakunan da kanta, ta kuma tambayi matan layin nawa suke sayen ruwa.